Harafin da ke Gindin Gwangwanin Taba

Sabon Tasha, Kaduna,
9 ga Yuni, 1985.

Yaya Scholastica,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Yaya damina a Zonkwa? Mu nan ruwa ya kankama, har kwatar bayan gidanmu ta cika ta tumbatsa. Judith lafiyarta ƙalau, sai surutu, ta ce in tuna miki da gyaɗar da kika yi mata alkawari.

Kin tambaye ni labarin mijina Benson kamar yadda kika saba, ni ma zan ba ki amsar da kika saba ji: wai yana lafiya. Na ce wai ne don ban ji muryarsa ba, ban ga rubutunsa ba. Kin dai san yadda aka yi. Ƙarshen 1982 ya tafi London karatun injinan masaƙa, 'yan kwayar cocinmu suka raka shi har tasha da waƙa. Shekarar farko wasiƙa kan wasiƙa, har tabar lofe ya taɓa aiko wa mahaifinsa ta gidan waya. Tun bikin Istar bara kuwa, shiru kake ji.

Sai ga Nicholas, abokin nan nasa da suka yi aiki tare a masaƙar Kakuri. Wai yana da ɗan'uwa mai aiki a jirgin sama, yana haɗuwa da Benson a can. Wai takardun Benson sun ɗan sami matsala, shi ya sa ba ya rubutu, kada a bi sawun wasiƙa a kama shi. Abin da yake iya aikowa kawai shi ne gwangwanin taba na mahaifinsa Baba Filibus da gaisuwar baki. Jiya ma ya zo da wani, na biyar ke nan.

Yaya, ki duba min. Mutumin da zai iya naɗe gwangwani ya ba ɗan saƙo, ya kasa maƙala 'yar takarda a ciki? Ko layi ɗaya? Ni ban ce ya aiko min ɗankwali ba, ban ce ya aiko wa 'yarsa alewa ba. Ya rubuta "Irene, ina nan" ya ishe ni. Haba!

Shi kuma Nicholas ɗin bai kwanta min ba ko kaɗan. In yana ba da saƙo ba ya kallon idona, sai ya dinga wasa da makullin babur ɗinsa. Amma tambaya kamar ɗan sanda. Ina nake zuwa bayan aiki? Wa ke zuwa gidan? Judith ta girma, wace lamba take sawa a takalmi? Ina ruwansa da takalmin 'yata? Ni dai zuciyata na ce min yana auna gidan ne don kansa, yana jira ya ga ranar da zan gaji. To zai daɗe yana jira.

Baba kam in ka gan shi ranar da taba ta zo sai ka ce an yi masa bushara. Zai fito da kujerarsa ƙofar gida, ya sa kwabo ya ɓalle murfin, ya kai hanci ya lumshe ido, sannan ya cika lofensa a hankali. Tsofaffin layinmu su taru suna shaƙar ƙamshi. Kin san yanzu da gwamnati ta hana shigo da kaya, sabulu ma sai an bi layi, balle tabar Turawa. Duk Sabon Tasha ba a kiransa da sunansa kuma, sai Baban ɗan London. Tun rasuwar Mama ba shi da wani abin da ke sa shi dariya sai wannan, shi ya sa nake haɗiye maganata.

Amma ina tsoro, Yaya. Ban sani ba ko matar aure ce ni, ko wadda aka yasar, ko wadda mijinta ya mutu ba a gaya mata ba. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaishe da Kawu Bitrus da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Irene.

Sabon Tasha,
21 ga Yuli, 1985.

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun yi noma lafiya. Na gode da gyaɗa, Judith ta cinye rabi kafin in ɓoye sauran.

Wasiƙarki ta zo, kuma tun da na karanta ta abinci ba ya min daɗi. Wato Baba Filibus ya aika wa Kawu Bitrus a asirce, wai in Irene ta so komawa gida ba zai riƙe ta ba? Ni? Ni da nake wanke masa kaya, nake dama masa kunu kullum safe? Kuma a gidan nan ko a fuska bai nuna min ba. Tabɗi! To me ya sani da ban sani ba? Ko dai Benson ya auri Baturiya an gaya masa, ko kuma Nicholas ya riga ya fara kai gaisuwa ta bayan fage. Ki gaya wa Kawu kada ya amsa komai. Ba inda za ni sai na san gaskiya.

Kuma na fara kama bakin zaren, ta inda ban zata ba.

Ran Asabar kwanon ɗakin Baba ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa kantar da yake jera tsofaffin gwangwanayen tabarsa. Kin san shi, ba ya yar da ko ɗaya. Wannan na irin kuɓewa, wancan na ƙusoshi, wani na maɓallai. Na kwashe su na goge, na kife su a rana. To kin san aikina a asibitin mishan, duk yini ina juya kwalabe ina duba lambar kamfani don in san maganin da ya tsufa. Idona ya saba. Sai na ga kowane gwangwani akwai abin da aka buga a gindinsa: harafi ɗaya, sai lamba biyu.

Da farko wasa na ɗauke shi. Akwai gwangwanayen da na san tarihinsu sarai. Wanda abokan aikinsa na reluwe suka ba shi ranar da ya yi ritaya a 1978, har yau da sunayensu a murfin, harafinsa F. Wanda Benson ya saya masa lokacin bikinmu a 1979, na gane shi don a ciki muka zuba allurai na ɗinkin anko, harafinsa G. Na lokacin baftismar Judith a 1980, H. Kin gani? Kowace shekara harafi na matsawa gaba. Lambobin kuwa ba wadda ta wuce sha biyu, ashe wata ne.

Sai na ce bari in gwada da wanda Benson ya aiko ta gidan waya a 1983, wanda na tabbata daga London ya fito, don ni na karɓo shi da tambarin can a jikin kwalin. Na ƙirga da yatsa, in lissafina daidai ne K zan gani. Na juya shi. K ne, Yaya.

To na bana kamata ya yi ya zama M, na bara L. Na ɗauko guda biyar ɗin da Nicholas ya kawo. H. H. H. Dukansu H ne, kuma dukansu wata na huɗu. Wato an yi tabar nan Judith tana cikina, Benson yana nan Kakuri yana zuwa aiki a keke.

Na yi ta ba kaina uzuri. Na ce kaya kan daɗe a kanti, mu ma magani na shekara a sito. To guda ɗaya na yarda. Amma biyar, a saye su lokaci daban-daban cikin fiye da shekara, duk su fito wata ɗaya? A London, inda aka ce kaya ba sa kwana? Daga kwali ɗaya suka fito, kuma kwalin nan ya daɗe a ajiye a wani wuri. Ina ji a jikina wurin bai kai nisan Zonkwa ba ma.

Ban gaya wa Baba ba. Ya same ni zaune a tsakiyar gwangwanayensa, ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Yanzu a gidan nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, kowa na sa wa ɗan'uwansa ido.

Kada ki gaya wa kowa wannan maganar, har maigidanki.

Taki,
Irene.

Sabon Tasha,
1 ga Satumba, 1985.

Yaya Scholastica,

Barka da war haka. Ina fata zazzaɓin autanki ya sauka. Ki ba shi maganin har ya ƙare, ban da irin halinki na dainawa da zarar yaro ya fara wasa.

Kin ce in bar zancen gwangwani in dogara ga Allah. Na dogara, Yaya, amma Allah ne ya ba ni ido.

Nicholas ya zo hannu wofi, wai gaisuwa. Na ba shi ruwa, na yi masa fara'a irin wadda bai taɓa gani ba, sannan na tambaye shi sunan ɗan'uwan nan nasa na jirgi. Ya ce Matthew. Bara kuwa ce min ya yi sunansa Sunday, ban manta ba. Na ce to in Matthew ya sauka ya kawo shi in yi masa tuwo. Sai ruwa ya sarƙe shi, ya tuna wai yana da wani uzuri a Barnawa. Ko kofin bai ajiye daidai ba.

Daga nan na sa gwangwani ɗaya a jaka, duk ranar da na tashi aiki da wuri sai in bi kantuna. Na je manyan kantunan cikin gari, suka yi min dariya, wai rabonsu da irin wannan tun kafin a rufe iyaka. A ƙarshe wata 'yar Zumuntar matan cocinmu ta ce in gwada wani Malam Sani a bayan kasuwar Kakuri, shi ya saye ragowar kayan kulob ɗin Turawan masaƙa lokacin da suka koma ƙasarsu.

Shagon duhu, ƙura ko'ina, ga tsofaffin kwalaben miya da ba mai saye. Da na nuna masa gwangwanin sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Na ce ina so in zaɓa. Na juya su ɗaya bayan ɗaya, yana kallona kamar mahaukaciya. H, wata na huɗu, har na ƙarshe. Sai da na dafa teburin.

Na daure na ce masa ai ɗan'uwana ne ya kwatanta min shagon, wani ƙaƙƙarfa mai babur. Wato Nicholas nake nufi. Ya ce shi bai san mai babur ba. Mutum ɗaya ne ke sayen tabar nan, wani siriri mai gemu, yana zuwa a a-kori-kura ta wata gonar kaji da ke Kakau. Wai har mamakinsa yake, don mutumin ba ya shan taba. In ya saya sai ya roƙi ɗigon kananzir da tsumma, ya zauna a bakin shago ya goge takardar farashin da ke manne har ta fita tas. Da hannun hagu yake gogewa, in ji shi.

Yaya, kin tuna wa ke cin tuwo da hagu har Kawu ya yi masa faɗa ranar da ya zo gaisuwa?

Na san bahagwai sun yi yawa a duniya. Na faɗa wa kaina haka a cikin bas har na iso gida. Benson ba siriri ba ne, kuma bai taɓa barin gemu ba. Wataƙila wani ne Nicholas ya sa. Wataƙila Benson ya mutu, suna rufe mana ne. Ban san wanda na fi tsoro ba a cikin biyun. Da na dawo na shinshina bayan gwangwanayen Baba, har yanzu akwai ɗan warin kananzir a jikin na ƙarshen.

Zan je Kakau. Kada ki rubuto ki hana ni, kafin wasiƙarki ta iso na dawo.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Irene.

Sabon Tasha,
8 ga Satumba, 1985.

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki. Ki yafe min, yau gaisuwar gajera ce.

Yana da rai. Benson yana da rai, yana Kakau.

Ran Alhamis na ce wa Baba zan je taron Zumunta, na hau motar hanyar Abuja. Gonar ba ta da wuyar samu, warin kashin kaji ne zai kai ka. Ashe ta kawun Nicholas ce. Na tsaya a bayan shinge ina leƙe kamar ɓarauniya. Sai ga wani ya fito daga ɗakin kaji da buhun dusa a ka, cikin singileti mai huji da takalmin roba. Ya rame, gemu ya cinye fuskar. Amma tafiyar, Yaya, ko a cikin mutum dubu na san tafiyar nan.

Na kira sunansa. Buhun ya faɗi, shi ma ya zauna a ƙasa a wurin. Na yi zaton in na gan shi zan rungume shi ko in mare shi. Ba wanda na yi. Tsayawa kawai na yi ina kallon ƙafafunsa, duk kaushi.

Ga abin da ya gaya min. Makarantar da ya je, ashe ɗaki biyu ne a saman wani shago, kafin shekara ta zagayo aka rufe ta. Bizarsa ta ƙare, ya koma wanke kwanoni a ɓoye, har aka kama shi aka sako shi a jirgi da kayan jikinsa. Bayan Istar bara ke nan. Wai ya zo har kwanar layinmu. Ya tsaya sayen ruwa sai ya ji mai shayi yana kwatanta wa wani hanya, yana cewa ka wuce gidan Baban ɗan London ka yi dama. Sai ya juya. Ya tafi wurin Nicholas, ya sa shi ya rantse. Nufinsa wai ya ɗan tara abin da zai shigo gida da shi kamar mutum, ba kamar wanda aka koro ba. Tabar kuwa don kada Baba ya zaci ya mutu.

Na ce to ni fa? Ni me zan zata? Ya ce ya san in ya rubuto min zan gane, wai ni ba a yi min ƙarya a takarda. Ka ji mutum! Wato yabona yake yi.

Ya durƙusa yana roƙona in ba shi zuwa Kirsimeti, kada in gaya wa kowa. Na tambaye shi ko da wata mace. Ya rantse babu, kuma na leƙa ɗakinsa, tabarma ce da bokiti da carbin rosari a ƙusa. Wallahi da na sami mace a ciki da abin ya fi min sauƙi, da na san da wa nake faɗa. Amma mutum ya bar matarsa da 'yarsa da tsohon ubansa fiye da shekara, yana nan kusa da su, ba don komai ba sai don kada mai shayi ya yi masa dariya?

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ban taɓa jin haushin wani mahaluki kamar yadda nake jin nasa ba. Duka biyun suna nan a ƙirjina, ba wanda ya ba wani wuri.

Nicholas kuma ashe ba ni yake nema ba, ɗan aike ne kawai, duk tambayoyin nan na Benson ne. Duk da haka ba zai ƙara shan ruwa a kofina ba.

Ban yi masa alkawarin komai ba. Tarin Baba ya ƙaru da damina, wa ya ba Benson tabbacin tsohon zai kai Kirsimeti? Gobe in Judith ta tafi makaranta zan gaya wa Baba. Abin da nake tsoro kada zuciyarsa ta kasa ɗauka.

Ki yi mana addu'a sosai.

Irene.

Sabon Tasha,
11 ga Satumba, 1985.

Yaya Scholastica,

Salama da alherin Ubangiji su kasance tare da ku. Ina fata kowa lafiya. Wannan za ta biyo bayan waccan da sauri, wataƙila ma tare za su iso.

Na gaya wa Baba. Ban san ta inda zan fara ba, sai na kwaso gwangwanayen na kife su a tabarma a gabansa, na shiga yi masa bayanin F da G da H kamar malamar firamare. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi bai san harafi ba, amma tun gwangwanin farko ya san ba daga London ya zo ba. Wai tabar da ta kwana shekaru a rufe baƙi take yi, ta fitar da wani fari-fari kamar sukari, ta yi zaƙi a harshe. Mutumin da ya shekara arba'in da lofe a baki ba sai an gaya masa ba.

Na ce to Baba me ya sa kuka yi shiru?

Yaya, ashe ni yake zargi. Ya ɗauka labarin mutuwar Benson ya iso mini, ni da Nicholas muka haɗa baki muka ɓoye masa, ni ce nake sayo tabar don in lallashe shi. Duk fitowar nan da yake yi ƙofar gida yana lumshe ido, don ni yake yi, kada wahalata ta tafi a banza. In ya shiga ɗaki sai ya yi kukansa. Har addu'ar Mas ya sa Fada ya yi wa wani matafiyi a coci, bai faɗi suna ba. Saƙon da ya aika wa Kawu kuwa, wai ya ga yarinya ce ni, bai kamata in tsufa ina gadin tsoho da kabarin da ba a gani ba. Sai na ji kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Ya riƙe hannuna ya ce in faɗa masa kawai, a ina aka binne shi. Na ce ba a binne shi ba, yana Kakau yana ba kaji dusa.

Na ɗauka zai faɗi. Ya sa na maimaita. Sai ya fashe da wata dariya da hawaye tare, har tari ya turnuƙe shi na yi ta bubbuga masa baya. Yana samun numfashi ya tashi ya sa kwat ɗinsa ta reluwe, ya ɗauki sanda, ya hana ni binsa. Da la'asar sai ga su a ƙafa tun daga bakin titi, Baba riƙe da wuyan hannunsa kamar ɗan makarantar da ya gudu. Bai bi ta lungu ba. Ta gaban mai shayin ya biyo da shi, yana tsayawa a kowace ƙofa yana cewa ga ɗansa ya dawo. Wasu sun yi gulma, wasu sun yi guɗa. Ba wanda ya mutu.

Abin da ya karya ni daban ne. Judith tana gidan maƙwabta lokacin. Ta shigo da gudu, ta ga mutum zaune a benci, sai ta yi tsalle ta faɗa jikinsa tana kiran Mai ƙwai, Mai ƙwai, ta cusa hannu a aljihunsa tana lalube. Ashe shi ke kai wa sistocin mishan na makarantarsu ƙwai a motar gona. Duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a bakin shingen waya lokacin tara, ya miƙa mata dafaffen ƙwai. Ta daɗe da saninsa. Ni ce dai ban sani ba.

Da ba ta sami komai a aljihun ba ta ce ba komai, tun da yau ya zo gidansu za ta nuna masa abu. Ta shiga ɗakina ta sauko da hoton nan da ya aiko shekarar farko, wanda yake sanye da babbar kwat a gaban jar bas. Ta ɗora masa a cinya, ta ce ya gani, wannan ne babanta, yana London, in ya dawo zai zo mata da takalmi. Ta ce ya riƙe da kyau kada ya sa masa datti.

Ya riƙe, Yaya. Da hannu biyu ya riƙe, kansa a ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na zagaya bayan kicin na toshe bakina da zane.

Har yanzu ba a gaya mata ba. Baba ya ce aikin uwa ne. Na ce a'a, ban taɓa yi masa musu ba amma wannan karon ya yi haƙuri. Na nemo masa ɗansa, iyakar nawa ke nan. Wanda ya tsaya a bayan waya yana kallon 'yarsa tana kiransa Mai ƙwai, shi zai buɗe baki ya gaya mata ko shi wane ne. Na shimfiɗa masa tabarma a ɗakin Baba. Ƙofar ɗakina kuwa, sai ranar da na ji Judith ta kira shi da sunan da ya dace, da bakinta, ba wanda ya sa ta.

Yanzu haka da nake rubutun nan tana tsakar gida tana tambayarsa yaushe zai koma gidansu.

Ki gaya wa Kawu Bitrus ya kwantar da hankalinsa, ina nan a ɗakina. Ki gaishe da maigidanki da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki har kullum,
Irene.